Ƙwan Ɗawisu da Lamba Takwas

Wani dare Mai Agogo ya ji wani abu yana gurnani a ɗakin ajiya. Ba ɓera ba ne, ba kyanwa ba ce. Ya fi kama da tsoho yana gyaran murya da haƙora a datse, ya yi ya yi, sai kuma shiru. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana sauraron cikin agogunan mutane, har ya kai yana gane inda agogo ke ciwo tun kafin ya buɗe bayansa, amma wannan ƙarar bai taɓa jin irinta ba.

"Kin ji?" ya ce da matarsa.

Inna ta juya ta ba shi baya. "Na ji. Cikinka ne, Malam. Kwanta."

Ƙarar ba ta sake ba, sai ya kwanta. Amma hankalinsa ya tafi ɗakin ajiya ya kwana can, don ƙwai bakwai ne a ciki, na ɗawisu.

Wani mutum da ya daɗe yana gyara wa agogon bango ne ya bar masa tsuntsayen, mace da namiji, lokacin da zai tashi daga unguwar. Shekara shida macen tana cin hatsi tana yanga a tsakar gida ba ta ajiye komai ba. A ta bakwai ta saka ƙwai bakwai a bayan tankin ruwa, kafin ta kwanta a kansu aka wayi gari ta sandare. Namijin ya tsufa, wutsiyarsa ma ta fara zubewa. In ƙwan nan suka lalace, ɗawisu ya ƙare a gidan ke nan.

Auta ce ta kawo dabara. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani wuri da ake rubuta wa ƙananan injuna umarnin da suke bi. Ita da maƙwabcinsu Kafinta suka haɗa akwatin ƙyanƙyasa cikin kwana huɗu. Kafinta ya yi jikin da katako, ya sa masa ƙofar gilashi. Auta ta sa fitilar ɗumama, da ɗan kwanon ruwa saboda danshi, da faranti mai gurabe da ƙwan ke zaune a kai. Duk bayan sa'a uku wani ɗan inji yana karkata farantin, ƙas, ƙas, ƙas, taku hamsin zuwa dama, in wata sa'a ukun ta cika ya yi hamsin zuwa hagu, kamar yadda uwa ke juya ƙwanta da baki. A gaban akwatin akwai ɗan allo mai haske da ke nuna zafi da danshi.

A kwana na tara Auta ta zo da kwamfutarta, Mai Agogo ya roƙe ta ta sa injin ya riƙa ƙirga kwanaki, don alamun da yake yi da alli a bango Inna ta goge su da tsumma. Auta ta ce wannan ai layi ɗaya ne. Ta buɗe wani jeri mai layi uku, ta ƙara na huɗu a ƙasa. Shi kuwa yana tsaye a kanta da tabarau a kan hanci. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san sama da ƙasa.

"Wanne ne nawa?"

"Ga shi nan, Baba, na ƙarshe."

"Na ƙarshe? Zafi a sama, ruwa a sama, ubanki a ƙarƙashin ƙafarsu?"

Ta yi dariya, ta ɗauke layin ta mai da shi saman jerin. "To ga ka a kan gaba. Allah ya huci zuciyarka."

Kwana biyu bayan wannan aka ji gurnanin.

Da gari ya waye ya tarar farantin ya karkata fiye da kima, gefensa ya dafe da bangon akwatin. Ƙwai ɗaya ya fita daga gurbinsa ya gangara ya tsage. Ya ɗauko shi ya duba a hasken taga. Akwai jajayen zare sirara a ciki, da wani ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Ya daɗe yana kallon ɗigon, sannan ya binne ƙwan a gindin katanga.

Kafinta ya leƙo ta saman katangar da aswaki a baki. Da ya ji labari sai ya ce, "Ni dai katakona ba ya gurnani, maƙwabci. Ka tambayi masu waya."

"Ban ce kai ba ne."

"Na riga ka ne kawai. Kowa ya faɗi, kujera yake zagi."

Mai Agogo ya ɗauki 'yar kujera da fensir da tsohuwar ambulan, ya zauna gaban akwatin. Bai san komai game da abin da Auta ta rubuta ba, amma ya san ƙirga bugu. Ƙarfe tara injin ya motsa. Ya rufe ido yana bi, ƙas, ƙas, ƙas. Hamsin da bakwai. Ya rubuta. Da ya ɗaga kai sai ya ga allon yana nuna danshi hamsin da bakwai, ya ce a ransa dace ne. Ƙarfe sha biyu, rana ta yi zafi, ruwan kwanon ya ragu, injin ya yi hamsin da ɗaya. Allon ma hamsin da ɗaya.

Sai ya ji wani abu yana yi masa susa a ƙirji, irin wanda yakan ji yana yaro in ya ga tururuwa sun bi layi ya rasa wa ya gaya musu hanya. Ya jiƙa tawul ya sa a cikin akwatin ya rufe. Lambar danshi ta riƙa hawa har saba'in da ɗaya. Ƙarfe uku na yi ya buɗe ƙofar ya tallafi ƙwan da tafin hannunsa biyu, injin ya tashi. Ya wuce hamsin, ya wuce sittin, farantin ya daki bango, injin ya ci gaba da turawa yana wannan gurnanin na jiya. A saba'in da ɗaya ya tsaya.

"Ke," ya kira matarsa. "Jiya da yamma kin cika kwanon nan?"

"Har baki. Kai ka ce kada ya bushe."

"To ruwan yake bi."

Ya cire tawul ɗin, ya cire kwanon ma. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ta ce ƙwan da bai sami danshi ba bushewa yake a cikin ɓawonsa, ɗan ya manne ya kasa fita, ita ta ga wannan da idonta a kajin uwarta. Abin ya zama gaba kura baya sayaki: a sa ruwa farantin ya zubar da su, a cire ruwa su bushe. Ya ɗauki waya.

"Auta, injinki yana bin ruwa."

"Baba, injin juyi bai san da ruwa ba. Hamsin na rubuta masa, hamsin zai yi."

"Ni da ke wa ya zauna ya ƙirga?" Ya karanta mata abin da ke jikin ambulan ɗin, lamba da lamba, da abin da allon ya nuna kowane lokaci.

"Ina zuwa da an tashi aiki," ta ce. "Kada ka mayar da ruwan."

Ta iso da sauran rana. Kafinta ma ya shigo ba a kira shi ba, ya ce ya zo ya ga yadda za a wanke sunan katakonsa. Auta ta jona kwamfutar da akwatin, ta ɗan duba, sai ta dafe goshi.

"Na gani. Baba, matso in nuna maka."

Ta nuna masa jerin nan mai layi huɗu. Ta ce injin yana ajiye lambobinsa ne a jere, kamar ɗakuna a layi guda. A yawancin rubutun, in tana son lamba sai ta kira sunanta kawai, zafi ko danshi ko taku, akwai wata manhaja da ke fassara maganarta zuwa harshen injin, ita takan kira ta tafinta, shi ke nemo wa kowa ɗakinsa. Amma ɗan wurin da ke tuƙa injin juyi, tana son bugun ya fito daidai ba gaba ba baya, don haka ta rubuta waɗannan 'yan layukan da harshen injin kansa, wanda ake kira asambili, ta cusa su a tsakiyar sauran rubutun.

"A nan kuma ba ki kira sunan ba?"

"Can ciki ba su san suna ba, Baba. Ƙofar jerin kawai ake ba ka, sai ka faɗi nisa. Kowace lamba tana cin gurbi huɗu. A da, zafi ne a bakin ƙofa, danshi a huɗu, taku a takwas. Sai na rubuta masa: je ka takwas, abin da ka tarar shi ne yawan takunka." Ta sa yatsa a kan wata lamba takwas, ita kaɗai a tsakiyar wasu gajerun kalmomi. "Da muka sa wani a gaba, kowa ya matsa. Yanzu danshi ne zaune a takwas. Shi kuwa inda aka aike shi yake zuwa."

"Wa aka sa a gaban?" in ji Kafinta.

Inna ta dubi mijinta ta ce, "Uhm. Babban baƙo."

Mai Agogo bai ji kunyar da ya kamata ya ji ba, don hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Yana ta ƙiyasta gari irin wannan, inda ba mai suna, kowa ana saninsa ne da nisan ɗakinsa daga ƙofar gari. Mutum ya kwana shi ne na takwas, da dare baƙo ya sauka a bakin ƙofa, a wayi gari saƙonsa duk yana zuwa hannun maƙwabci, kuma ɗan aike bai yi ƙarya ba, bai ɓata hanya ba.

"Da rana kuma danshin yana kusa da hamsin," ya ce a hankali, "shi ya sa ba mu gane ba."

"Shi ya sa. Ƙirgan kwananka gurbi ɗaya kawai yake ci, ƙaramar lamba ce. Kowa ya matsa da ɗaya ke nan. In mai da takwas tara, mu gwada."

"Tsaya. Ba da ƙwan a ciki ba."

"Baba, minti ɗaya ne."

"Ban taɓa gwada agogon da na gyara da gilashinsa a kai ba, ba kuma yau zan fara ba."

Aka fito da ƙwan shida, aka naɗe su a bargo tare da kwalbar ruwan ɗumi, aka ɗora wa Inna a cinya. Ta ce a tsufanta an mai da ita kaza, saura a watsa mata tsaba. Kafinta ya tsallaka gidansa ya kawo guntayen katako shida aka jera a guraben. Auta ta goge takwas ta sa tara, ta tura wa injin, ta umarce shi ya yi juyi nan take.

Ƙas, ƙas, ƙas. Mai Agogo yana ƙirgawa a fili. Hamsin. Hamsin da ɗaya. Saba'in. Farantin ya daki bango, injin ya kama gurnani, guntayen katakon suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Ɗari. Ɗari da hamsin. Bai nuna alamar tsayawa ba. Auta ta fizge wayar wutar daga bango, fitilar ta mutu, ɗakin ya yi tsit.

"Da ƙwan ne, da yanzu sai a nemo mai da gishiri," in ji Inna.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta sake lissafi a bayan ambulan ɗin ubanta, tara ta sake fitowa. Ta leƙa nan, ta leƙa can, ta duba ko injin ne ya lalace. Akwatin yana hucewa. Mai Agogo ya cusa hannu cikin bargon ya taɓa kwalbar, ya ji ɗuminta ya ragu. Inna ta jawo bargon ta rungume shi a cikinta.

Can Auta ta daina lissafi, ta sa kwamfutar ta nuna mata yadda jerin yake kwance a cikin injin. Ta zuba wa allon ido.

"Ba da ɗaya suka matsa ba. Da huɗu ne."

"Kin ce gurbi ɗaya na ci."

"Ɗaya ka ci. Amma tafinta ba ya yarda lamba mai gurbi huɗu ta fara a ko'ina, sai a huɗu ko takwas ko sha biyu, don a haka injin ya fi saurin ɗauka. Da ya ajiye ka a bakin ƙofa sai ya bar gurbi uku a bayanka ba kowa, ya fara zafi a huɗu. Da na ce tara, sai ɗan aiken ya yanko wutsiyar danshi ya haɗa da kan taku, ya kawo wata lamba mai yawan da sai injin ya shekara yana juyi."

"Wannan tafintan ya yi aikin katako," in ji Kafinta. "Ni ma in zan kafa kanta, layin bulo nake bi. Tsakani ya zauna banza, ba ruwana."

"Me ke cikin guraben ukun?" Mai Agogo ya tambaya.

"Ba komai, Baba. Ko kuma duk abin da aka tarar a wurin. Ba mai zuwa can." Ta kai hannu za ta rubuta. "Sha biyu ne amsar."

"Ko ki mai da ni ƙasa inda kika sa ni da farko, a koma takwas."

"Shi ma zai yi."

Ya murza gemu. Ƙwan suna sanyi, ya sani, amma tambayar ta riga ta zo masa baki. "Wa ya jera su a ɗakunan nan?"

"Tafinta."

"To shi ya san inda ya ajiye kowa, har da guraben da ya ɓoye miki. Me ya sa ke kike ƙirga masa? Ba a tambayarsa?"

Auta ta ɗauke hannunta daga kan lambar. "Ana tambayarsa. Akwai yadda ake yi. Ka ba shi sunan jeri da sunan abin da kake so, shi ya auna nisan, ya miƙa wa layukan asambilin da hannunsa duk lokacin da aka fassara." Ta sosa ƙeya. "Na sani, Baba. Ran nan sauri nake, abu uku ne kacal, na ce wa zai taɓa su."

"Ba ki san ubanki ba," in ji Inna. "Ku dai yi sauri, kwalbar nan ta mutu."

Layi biyu Auta ta canza. Inda takwas take, yanzu ba lamba, sai wani gurbi da tafinta zai cike. Aka mayar da wuta, Kafinta ya daidaita farantin ya tsince guntayensa ya jera. Injin ya tashi, Mai Agogo ya rufe ido. Hamsin, ya tsaya. Ya sa jiƙaƙƙen tawul, suka jira lambar danshi ta hau, Auta ta sake ba da umarni. Hamsin, ya tsaya. Sai da ya sa aka yi sau uku, sannan suka jira akwatin ya ɗumama, ya mayar da ƙwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya kara shi a kumatunsa kafin ya ajiye. Waɗanda ke tsakiyar bargon da sauran ɗuminsu. Biyu na gefe sun yi sanyi. Da ya duba agogon hannunsa, sun fi sa'a guda a waje.

Ya ɗiga wa biyun nan fensir a ɓawo. Ya mayar da kwanon ruwa ya rufe ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya bai bar gaban akwatin ba sai don salla da abinci. Ya san an gyara, amma duk juyi sai ya ƙirga. Allon yana nuna masa kwanakinsa, sha biyar, ashirin, ashirin da biyar. Daga nan Auta ta zo ta tsayar da juyin, ta ce yanzu sai a bar su su nemi hanyar fita.

A kwana na ashirin da takwas da hantsi ɗaya ya huda ɓawo. Kafin la'asar ya fito a jiƙe, ya kwanta yana haki kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Washegari uku suka biyo shi. Ba su da wani kyau, ruwan ƙasa ne da ɗan rawaya a ƙirji, ƙafafu sun yi musu yawa. Inna ta ce in ba don ta san uwarsu ba da ta rantse 'yan talo-talo ne aka kawo mata. Duk da haka ita ta dafa ƙwan kaza ta marmasa musu a murfin kwano. Tsohon namijin ya zo bakin ƙofar ɗakin ajiya, ya karkata kai ya dube su da ido ɗaya, ya juya ya tafi abinsa.

Saura biyu a farantin. Ɗaya mai ɗigon fensir, ɗaya ba ɗigo. Na biyun da ya ɗiga wa fensir kuwa yana cikin waɗanda suka ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito daga cikinsa shi ya fi kowa cin abinci. Mai Agogo ya ba su kwana biyu a kan lissafi. Ranar talatin Auta ta zo, suka tsaya su uku gaban akwatin, ya fito da ƙwan biyu ya kara kowanne a kunne, ya daɗe, yadda yake yi wa agogon da aka kawo masa a mace. Ba bugu.

Kafinta ya shigo da ɗan kejin da ya haɗa wa 'yan huɗun. Ya ajiye shi a ƙasa, ya dubi ƙwan da ke hannun maƙwabcinsa, ya dubi ɓawon mai ɗigo da ke gefen faranti.

"To wai," ya ce, "waɗannan biyun, sanyin ranar nan ne ya kashe su, ko gurnanin, ko kuwa tun farko ba kowa a ciki?"

Auta ta dubi ubanta. Inna ta sunkuya tana tura wa ƙaramin 'yan tsakin murfin abinci. Mai Agogo ya juya ƙwan da ba ɗigo, ya kara ɗaya gefen a kunnensa.